Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha

Abin da zan ba da labarinsa, a zamaninmu ba a kama sunansa a gaban manya, kuma rashin kama sunan ne ya kwantar mana da Inna kusan wata biyu. Yanzu na tsufa, ni ma na yi surukai, kunyar ta ragu. Bari in faɗa, ko wata ta ji ta kula da tata tsohuwar.

Inna uwar maigidana ce. Na san sunanta na yanka, amma har yau bakina bai iya furta shi ba, don haka ku yi haƙuri da Inna. 'Yar Paki ce, ta dawo gidanmu a Ikara bayan rasuwar mijinta. Sana'arta daddawa, kuma ba yabon kai ba, duk wanda ya ci miyar da aka yi da daddawar Inna sai ya tambayi inda aka sayo. Kasuwa uku take ci a mako: ta Ikara, ta Makarfi, da ta Kudan. Da sassafe za ta ɗaura kwandonta, ta hau akori-kura tare da buhunan barkono da awaki, ba ta dawowa sai rana ta yi ja. In ta dawo ba ta miƙo mini tsaraba hannu da hannu. Sai dai in fito in tarar da karan rake biyu ko curin mazarƙwaila a bakin ƙofar ɗakina, ita kuwa tana can tana alwala kamar ba ta san zancen ba.

Haka muke da ita. Malam, maigidana, ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Ni kuma matar ɗan fari, kunyar sai ta ninku. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma ban taɓa ganin ta kai kofi baki a gabana ba. In na ga ta ɗauki buta ta nufi makewayi, sai in shige ɗaki in hau neman abin da bai ɓata ba. "'Yar nan" take ce mini. Yaran yanzu in sun ji sai su ɗauka zaman doya da manja muke yi. Wallahi ina son matar nan kamar uwar da ta haife ni, kuma na san tana sona. Ta haka ake nuna shi a lokacin.

Shekarun soja ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an bi layi, madara sai an bi layi, kuma layin dole ya miƙe, in ya karkace a ji bulala. Aka yi rage ma'aikata, abin ya faɗa kan Malam daga ofishin gona, ya koma noman 'yar gonarsa. Cefanen gida ya koma kan kwandon Inna. A wannan lokacin ne na lura ranar kasuwa ba ta shan koko. In na dama na ajiye mata, zan tarar da shi yadda na bar shi, har ya yi fata. Gorar ruwan da take tafiya da ita a da, ta rataye ta a bayan ƙofa. Na ce a raina baiwar Allah azumin nafila take yi. Har alfahari nake wa maƙwabta, ina cewa surukata sau uku take azumi a mako.

Da bazara ciwon ya fara. Ta dawo daga Makarfi ba rake ba mazarƙwaila, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kwanta tana rawar sanyi, alhali mu gumi muke yi. Malam ya kirawo mai kemis ya yi mata allurar zazzaɓi kwana uku. Zazzaɓin ya sauka, ya bar ta da ƙaiƙayi, bayan kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

Mako na biyu na 'yan dubiya ne, kuma kowa da likitancinsa. Baffa, ƙanin mijinta, ya zo daga Paki ya duba idonta ya ce shawara ce, ya kawo jiƙo mai ɗaci a kwalba. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne, wai akwai mai daddawar da ke zama kusa da ita a Kudan, idonta bai yi mata ba. Aka yi sirace da ganyen darbejiya, aka karɓo rubutu. Ni dai ina ganin tana yawan dafe kwankwaso ta gefen dama. In na durƙusa na ce, "Inna, ina ne ke ciwo?" sai ta ce, "Jiki ne, 'yar nan. Da sauƙi." Mutanenmu ko ana karanta musu kalmar shahada da sauƙi za su ce. Mutum ɗaya ce za ta iya faɗa wa gaskiya, autarta Talatu, ita kuwa tana aure can nesa, ta haihu ko sati biyu ba a yi ba, tana wankan jego.

A mako na uku ƙafafunta suka kumbura, har awarwaron hannunta ya fara cin fata. Ranar da azahar ta wuce la'asar ta shiga ba ta tambayi buta ba, ranar Malam ya tsorata. Ya sayar da akuyarmu mai ciki da rediyonsa, wanda ko ni ba ya bari in taɓa, muka ɗauki mota zuwa wani asibitin gwamnati. Ba zan faɗi sunansa ba, don na ci gishirin mutanen cikinsa.

Tun hantsi muke layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Saurayi ne siriri, idonsa duk gajiya. Ya danna bayan Inna ta gefen dama, ta zabura. Sai kawai ya ce, a gaban ɗanta na fari da surukarta, "Mama, fitsari fa? Yana miki zafi? Sau nawa kike yi a rana?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam ya fice kamar an biyo shi da sanda, ni ma na bi bayansa. Muka tsaya a baranda, kowa na kallon wani gefen. Da likitan ya kira mu ya ce ciwon mafitsara ne aka bari ya hau har ƙoda. Ya rubuta mana takarda, allura da ruwan ƙari da sirinji da auduga, duk mu sayo a gari, domin ɗakin maganinsu ba komai sai kwalaye. Sannan ya dube ni ya ce, "Ke ce mai jinya? To ji nan. Allurata rabin magani ce. Ɗaya rabin ruwa ne. Ƙoda ba a yi mata rowar ruwa. Ta sha, ta sha, ta ƙara sha. In ba ta sha ba, ba abin da zan iya yi mata." Wannan maganar har yau tana kunnena da muryarsa.

Aka ba mu gado a ɗakin mata, kusa da taga. Malam ya koma gida saboda gona da yara, yana zuwa duk bayan kwana uku. A ƙarshen baranda akwai makewayi mai ƙofa biyu, an kulle su tun kafin mu zo. Famfo ya daina kawo ruwa, masai ya toshe, aka ga kullewa ta fi sauƙi. Mai iya tafiya sai ta zagaya bayan waya, cikin ciyawa, inda in ba ki yi hankali ba ki taka na wata. Wadda ba ta iyawa, akwai fo a ƙarƙashin gadonta, mai jinyarta ta kai ta zubar. Ruwa kuwa wajen 'yan ga-ruwa muke saye. Wurin da aka ce mana ruwa ne magani ke nan.

Na dage da ba Inna ruwa. In cika kofin silba in ajiye mata, in juya baya in fita baranda kamar yadda tarbiyya ta koya mini. In na dawo kofi wayam. Ina ta murna, ina gaya wa sista ta sha shida, ta sha bakwai. Amma kumburin bai saɓe ba, zazzaɓin bai tafi ba, likita kullum yana girgiza kai. Fo ɗin nan kuwa kullum a bushe, tas. Na gani, kuma ban tambaya ba. Da wane bakin?

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwa, Mama Rahila, da ta faɗi ta karye a ƙugu. 'Yarta Ladi ce ke jinyarta. Mutanen Kurmin Kogi ne, Kiristoci. Ladi ta girme ni da kaɗan, ga ƙarfi, ga dariya mai tashin tsuntsaye, in tana wanki tana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa. Ba ta iya ɓoye magana ba ko ta minti ɗaya. Tun ranar farko ta raba ɗanwakenta biyu ta turo mini rabi ba tare da ta tambayi sunana ba.

Ranar da muka cika kwana tara, na tafi gari neman wata allura da ta yi wuya. Kemis huɗu na shiga. Ban dawo ba sai da rana ta take. Ladi ta tafi wanki, ɗaki tsit, gadon Inna ba kowa. Robar ƙarin ruwa na lilo, ga ɗigon jini a zanen gado har bakin ƙofa. Na bi jinin ina salati. A bayan waya na same ta, ta faɗi rubda ciki a cikin ƙazantar nan, ƙudaje sun rufe ta, butarta ta kife a gefe. Matar da ko ƙwayar kalwa ba ta bari ta taɓa ƙasa. Na ƙwalla ihu, Ladi ta taho da gudu, muka ɗauko ta. Inna ta runtse ido, ba ta buɗe ba har Ladi ta gama goge mata jiki aka mayar da ruwan ƙari. Sista ta wanke ni tas, ta ce wace irin mai jinya ce ni. Likita ya zo ya duba, ya ce in aka ƙara kwana uku a haka mu fara tunanin mai da ita gida. Kowa ya san abin da wannan ke nufi.

Ina zaune gindin mangwaro ina kuka, Ladi ta zo ta finciko hannuna.

"Ke Hajara, makauniya ce ke ko wawiya? Zo ki gani."

Ta zagaya da ni bayan ɗakin, daidai tagar Inna. Ko'ina ƙasa ta bushe ta tsage, amma ƙarƙashin tagar nan jiƙe take sharkaf, har 'yar ciyawa ta tsiro kore shar.

"Ga kofi shida ɗinki nan, ga bakwai ɗinki. Kina juya baya take watsarwa. Na gani tun shekaranjiya, na ɗauka ɗacin baki ne."

"Don me? Ladi, don me za ta yi haka?"

"Haba Hajara, sai ka ce ba a ƙasar nan aka haife ki ba. In ta sha sai ta fitar. In ta fitar wa zai ɗauka? Matar ɗanta na fari? Tsohuwar nan ta gwammace a kai ta kushewa."

Raina ya ɓaci da Inna, ya ɓaci da kaina, ya ɓaci da wanda ya kulle ƙofar makewayin nan ya sa makulli a aljihu ya tafi gidansa. Na ce, "To ya zan yi? Ni ma bakina ba zai iya ce mata komai ba."

"Ba sai kin ce ba. Musaya za mu yi. Ki ɗauki uwata, in ɗauki taki. Ni ban auri ɗanta ba, ba ruwanta da ni."

Da muka gaya wa Mama Rahila, ta yi dariya har ƙugun ya motsa ta yi ƙara. Ta ce, "Ni ko gwamna ne ya kawo fo zama zan yi. Zo nan, 'yata."

Ladi ta ja kujera gaban Inna, ta cika kofi, ta ce, "Mama, daga yau ni ce mai jinyarki. Waccan na kore ta, ba ta iya komai ba. Ni kuma ba na juya baya. Sha ina gani." Ina laɓe a baranda ina saurare. Can na ji ƙarar maƙogwaro. Na zame ƙasa na zauna.

Daga ranar muka sami tsari. In Ladi ta ce, "Hajara, je ki duba ko mai ga-ruwa ya zo," na san abin da ake nufi, sai in fita in daɗe. Wata rana sau goma nake duba mai ga-ruwa. Ni kuma na koyi juya Mama Rahila ba tare da na taɓa karayar ba, ina yi tana ba ni labarin samarin da suka yi dambe a kanta.

Abin da Inna ta kasa gaya wa jininta, cikin kwana biyu ta zazzage wa Ladi, Ladi kuwa ta kawo mini da ɗuminsa. A da, matan kasuwa suna da wuraren tsugunawa da suka sani, wani kwari nan, bayan wata gonar rake can, ɗaya ta tsaya gadi ɗaya ta shiga. Da aka zo da dokar tsafta sai aka hana. A wata kasuwar an gina makewayi, amma ƙofa ɗaya ce ga maza da mata, tana kallon rumfar mahauta, ga ƙato zaune a bakinta yana karɓar kwabo, ciki kuma ba ruwa. Wace dattijuwa ce za ta ratsa gaban maza riƙe da buta, kowa ya san inda za ta? Wata rana aka kama wata mai kuka da kuɓewa, wadda ta girmi Inna, a tsugune bayan katanga. Aka fito da ita tsakiyar kasuwa aka sa ta tsallen kwaɗo, mutane na kallo. Matar ba ta sake zuwa kasuwa ba. Tun ranar Inna ta daina shan komai daga asuba har ta dawo gida, abin da ya matse ta kuma ta riƙe. Kasuwa uku a mako, rani da damina, wajen shekara biyu. Kuma ba ita kaɗai ba, duk layinsu haka suke yi.

Wannan shi ne azumin da nake yawo ina alfahari da shi. Da cefanensa nake yi wa 'ya'yana miya.

Mako na biyar kumburi ya fara saɓewa, awarwaro ya dawo yana yawo a hannunta. A na shida zazzaɓi ya tafi. Ranar da na sayo mata tuwo a bakin asibiti, ta ɗanɗana miyar ta ture kwanon ta ce wa Ladi, "Wannan daddawar, wadda ta yi ta ba ta jin tsoron Allah," ranar na san mun tsira.

Ina gode wa likitan nan da ban riƙe sunansa ba, da sistar da ta zage ni kuma ta ba mu ragowar audugarta. Ladi kuwa ba ni da bakin gode mata. Mun baro su a asibitin, ƙashin Mama Rahila bai gama haɗewa ba, kuma duk Kirsimeti Inna sai ta aika musu da daddawa cikin ƙwarya. Amma godiya ba ta hana ni faɗin abin da ke raina. Wanda ya hana mutane tsugunawa a waje bai yi laifi ba, na ga abin da ke bayan wayar nan da idona, ba na yi wa maƙiyina fatansa. Laifin shi ne a hana ba a tanada ba. Yanzu ma in na shiga kasuwa ko tasha ina duba ko akwai makewayi. An ɗan samu, amma sau da yawa wanda ya gina bai tambayi mace ko ɗaya ba. Na mata ya zama daban, ƙofarsa ta juya wa jama'a baya, mace ce za ta zauna a bakinsa, a sa ruwa, a riƙa wankewa. In kuma kina da tsohuwa mai fita nema, ki lura da abin da take sha kafin ta fita.

Ranar sallama likita ya ce mata ruwa ya zama abokinta har ƙarshen rai. Muka kamo hanya, ni da ita da Malam. Ana wahalar mai, motar da ta kawo mu Makarfi ta ce nan ta tsaya. Malam ya tafi neman wadda za ta ƙarasa da mu Ikara, ya bar mu a tasha ƙarƙashin wata rumfar kara. Rana ta buɗe. Awa ɗaya, awa biyu. Ba Ladi, ba fo, ba mai ga-ruwan da za a aike ni dubawa. Na duba gabas da yamma, ba inda mace za ta shiga. Ga gorar ruwa a tsakaninmu, ba wanda ya taɓa ta. Leɓen Inna ya fara bushewa. Na san in ta koma wa halinta a yau, ta koma ke nan.

Na cika kofi na ajiye a gabanta. Na yunƙura zan juya baya.

"Zauna," in ji ta.

Ta ɗauki kofin ta shanye ina kallo, ta miƙo na ƙara mata. Bayan kamar rabin awa ta gyara ɗaurin zane, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"'Yar nan, ɗauko butar."

Muka zagaya bayan wani tulin rake da aka jingine jikin katanga. Ba rufi, ba ƙofa, ga masu lodi suna kai da kawo can gefe. Na cire mayafina na ware shi da hannu biyu, na kawar da fuska, hawaye na zuba. Sai na ji muryarta daga ƙasa.

"Ɗaga hannun sosai mana. Duk tsawon nan naki na banza ne?"

Inna ta ƙara damina tara a duniya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Har ta koma ga Mahaliccinta, ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba.